Jiri idan na juya a kan gado: wai da gaske daga kunne yake?

"Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min da bayani. Shekarata 49, yau wajen wata biyu kenan ina fama da jiri, amma ba wuni nake da shi ba, sai in na kwanta na juya ɓangaren dama, ko in zan tashi daga gado da safe, ko na ɗaga kai zan ɗauko abu a sama, sai in ga ɗakin gaba ɗaya yana juyawa har zuciyata na tashi. Kafin minti ɗaya ya lafa, amma sai in wuni ina jin kamar ƙasa ba ta zauna daidai ba. An auna ni ba hawan jini ba suga, na sha maganin ƙarin jini a banza, yanzu Stugeron nake sha kullum safe da dare. Wata nas ta ce min wai daga kunne ne, ni kuwa kunnena ba ya ciwo, ba ya ruwa, ina ji ras. To me ya haɗa kunne da jiri? Kuma ina tsoron kar ya zama wani abu ne a ƙwaƙwalwa."

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah Ya ƙara afuwa. In na fahimce ki tambayar biyu ce, ta farko ya za a yi kunnen da ba ya ciwo ya sa mutum jiri, ta biyu kuma ko akwai abin tsoro. Nas ɗin nan tana da gaskiya, kuma wallahi kin sauƙaƙa min aiki, don kin faɗi abubuwa biyun da muke shan wahala kafin mu zaƙulo su daga bakin marar lafiya: me ke tayar da jirin, kuma minti nawa yake yi. A harkar jiri waɗannan biyun sun fi gwajin jini da hoton kai amfani a mafi yawan lokuta.

Abin da ke can cikin kunne

Kunnen da muke gani a waje da ramin da ake sakacewa ba su ne duka kunne ba. Bayan dodon kunne akwai kunnen tsakiya, bayan shi kuma akwai kunnen ciki, a binne cikin ƙashin kai, wurin da yatsa ko tsinke ba ya kaiwa. Shi wannan na cikin aiki biyu yake yi. Ɓangare ɗaya mai kamar dodon koɗi shi ke ji, ɗayan kuma ba ruwansa da sauti, aikinsa gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya dosa. A nan akwai wasu 'yan bututu uku lanƙwasassu, kowanne ya fuskanci wajensa daban, cike suke da ruwa, in kin juya kai ruwan ya motsa ya taɓa wasu gashi-gashi masu laushi, su kuma su aika saƙo ta jijiya. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu, a cikinsu an shimfiɗa wasu ƙananan tsakuwoyi na kalsiyam waɗanda ido ba ya gani, nauyinsu ne ke sa ki san sama da ƙasa ko idonki a rufe, shi ke sa ki ji mota ta tashi ko ta taka burki. Kowane kunne na da nasa saitin.

Ita ƙwaƙwalwa ba kunne kaɗai take saurara ba, tana haɗa labarin kunnuwa biyu da na ido da na tafin ƙafa da gaɓoɓi. In duk suka faɗi magana ɗaya shikenan, ba ki ma san ana wani aiki ba. Amma in kunnen dama ya ce ana juyawa, na hagu da ido suka ce a'a a kwance muke, to wannan saɓanin shi ne hajijiyar da kike ji, kuma shi ke tayar da zuciya. Yaro in ya yi ta juyi ya tsaya cak ya ga duniya na ci gaba da zagayawa, ai ruwan nan ne bai gama tsayawa ba. Kin ga kenan ɓangaren ji zai iya zama lafiya ƙalau ɓangaren daidaito kuma ya samu matsala, babu ciwo babu ruwa. Ba sabon ilimi ba ne ma, tun 1861 wani likita a Faransa mai suna Prosper Ménière ya fito ya ce irin wannan jirin daga kunne yake, lokacin kowa na ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa, sannan a 1914 Robert Bárány ya samu kyautar Nobel a kan binciken wannan sashe na kunne.

Wanda bayaninki ya fi kama da shi

Tsakuwoyin nan da na faɗa, wani lokaci wasu sukan ɓalle daga mazauninsu su gangara cikin ɗaya daga bututun nan uku, yawanci na baya don shi ya fi gangare. In kina zaune shiru su ma suna zaune shiru. Kina kwanciya ki juya, sai su mirgina su ja ruwan, kunnen ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa ana wani mugun juyi alhali kai ya riga ya sauka a kan filo. Kamar yashi ne a kwalbar ruwa, in an karkata kwalbar zai tashi ya zagaya sannan ya koma ya kwanta, yana kwantawa jirin ya ɗauke. Shi ya sa ba ya kai minti ɗaya, shi ya sa kuma ɓangare ɗaya ne ke tayar da shi, kuma ɓangaren da kike juyawa ya taso, yawanci kunnen wajen ne mai laifin. A asibiti BPPV muke ce masa, kuma a duk cikin jirin da ke fitowa daga kunne babu wanda ya kai shi yawa. Ya fi kama mata, ya fi zuwa daga shekara 50 zuwa sama ko dab da hakan, yakan biyo bayan buguwa a kai, ko doguwar jinya a kwance, ko wani ciwon kunnen ciki da ya wuce, amma yawancin masu shi haka kawai suke wayar gari da shi.

Wannan jin da kike wuni da shi kamar ƙasa na lilo, shi ma nasa ne. Ƙwaƙwalwar da aka yi wa ƙarya da asuba ba ta saurin sake yarda, ga kuma tsoro. Ina gane masu wannan lalurar tun daga bakin ƙofa, za ki ga mutum ya shigo wuya a sandare kamar an ɗaure shi da sanda, in an kira shi sai ya juyo da jiki gaba ɗaya, in takardarsa ta faɗi ba zai sunkuya ba sai dai ya durƙusa kai a miƙe yana lalube. Wasu har sun koma barci a zaune da filo uku. Sai ciwon wuya ya biyo baya, sai a yi hoton wuya a ce ai daga wuya ne, alhali wuyan ma jirin ne ya jawo masa.

Tabbatar da shi ba ya buƙatar wata na'ura. Akwai gwajin da wasu likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana a 1952, har gobe da shi ake aiki. Za a zaunar da ke a gadon gwaji, a juya kanki rabi zuwa ɓangare ɗaya, a kwantar da ke rigingine da ɗan sauri kan ya ɗan rataya, likita na riƙe da shi yana kallon cikin idonki. Daƙiƙu kaɗan na farko babu komai, har mutum ya fara cewa "ai yau bai zo ba", sai kuma abin ya taso, ya damƙe min hannu yana salati yana so ya runtse ido, ni kuma ina ta roƙo a bar idon a buɗe, don a lokacin ƙwayar idon ke wani fizga tana murɗawa wajen kunnen da ke ƙasa, can sai ta lafa da kanta. Wannan rawar idon ita ce shaidar. Yanayinta ne ke gaya mana wane kunne ne, wane bututu ne, kuma in ta zo a wata siga ta daban, misali ta ƙi tsayawa ko tana fizga ƙasa zalla, to sai mu bar zancen kunne mu koma duba ƙwaƙwalwa.

Maganinsa kuma da hannu ake yi, a kan wannan gadon dai. Tunda tsakuwa ce ta shiga inda ba nata ba, sai a bi da kai a hankali daki-daki har ta gangara ta koma jakarta. Wanda aka fi yi shi ne na John Epley, wani likitan kunne a Amurka da ya wallafa shi a 1992. In kunnen dama ne, daga kwancen nan kai na kallon dama a jira jirin ya wuce, a juya kan zuwa hagu a jira, a mirgina jikin gaba ɗaya kan kafaɗar hagu hanci na kallon ƙasa a sake jira, sannan a tashi zaune haɓa a ɗan sunkuye. Kowane mataki kamar rabin minti ne ko fiye kaɗan. Kusan mutum 8 cikin 10 suna rabuwa da shi a zama ɗaya ko biyu. Abin da ke ban takaici shi ne a ga mutum ya yi wata da watanni yana haɗiyar ƙwaya a kan abin da minti goma ke gyarawa.

Na san yanzu za ki ce bari ki nemo bidiyonsa a YouTube. Ba na hanawa ga wanda aka riga aka gwada aka gaya masa kunnen da bututun, amma karo na farko a bari wanda ya iya ya yi. In kika yi wa kunnen da ba shi ba kin wahala a banza, in bututun kwance ne ba na baya ba juyinsa daban ne, kuma wani lokacin tsakuwar na fita daga wannan bututun ta faɗa wancan jirin ya ƙaru. Mai matsalar ƙashin wuya ko baya, ko wanda jijiyoyin jinin wuyansa suka tsuke, shi kam dole sai an duba shi tukuna. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro na yi, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na yi, 'yan fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, da yawa ma sun ƙware a kai.

Maganar Stugeron

Nan ne zan ɗan ja ki. Stugeron da Stemetil da 'yan uwansu ba sa mayar da tsakuwa mazauninta, abin da suke yi kawai su dusashe saƙon da ke tafiya daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa su kwantar da tashin zuciya. Ga wanda jiri ya kayar yana ta sheƙa amai suna da amfani sosai, na kwana biyu zuwa uku. Wuce nan kuma sai su koma cikas, domin ita ƙwaƙwalwa tana da baiwar gyara lissafinta in kunne ɗaya ya samu rauni, amma sai ta ji kuskuren take gyarawa, in aka toshe mata kullum safe da dare ba za ta koya ba. Ga kasala da barci, ga ƙarin haɗarin faɗuwa musamman ga manya, kuma shan su na dogon lokaci yana iya kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki irin ta cutar Parkinson. Ina kyautata zaton wani kaso na wannan lilon da kike wuni da shi ma maganin na da hannu a ciki. Kuma yana iya ɓoye rawar idon ranar gwaji, don haka ki gaya wa wanda zai duba ki kina sha, ki tambaye shi yadda za ki ajiye shi. Maganin ƙarin jini kuwa in an auna jinin ya isa, ba shi da aiki a nan.

Sauran da kan zo da kama

Ba duk jirin kunne ne na tsakuwa ba, kuma agogo ne ke raba su. In jirin ya faɗo wa mutum lokaci ɗaya ya ƙi tafiya, kwana da kwanaki ko yana kwance shiru ɗaki na juyawa, ga amai, wannan yawanci kumburin jijiyar daidaito ne, sau da yawa bayan mura. In ji ma ya ragu tare da shi to kumburin ya haɗa da ɓangaren ji. Mafi tsananin yakan wuce cikin 'yan kwanaki, sauran tangaɗin kuma motsa jiki ne maganinsa, ba kwanciya ba, akwai atisayen ido da kai da tafiya da 'yan fisiyo ke koyarwa.

Cutar da aka sa wa sunan Ménière ita kuma zuwa take tana komawa, kowane zuwa daga minti 20 har zuwa awa 12, kunne ɗaya ya cika dam kamar an toshe, yana ƙara shuuu, ji na raguwa yana dawowa. Ruwan kunnen ciki ne ke taruwa fiye da kima. Ana fara ta da rage gishiri da wasu magunguna, kuma tana buƙatar gwajin ji da bibiya. Ana yawan liƙa wa mutane sunanta ba tare da an auna jinsu ba, alhali ba ta kai yadda ake zato yawa ba. Wanda ya fi ta yawa kuma aka fi mantawa da shi shi ne jirin masu ciwon kan ɓari ɗaya, daga mintuna har kwana uku, haske da hayaniya na damun mutum, wani lokacin ma ba tare da kan ya yi ciwo ba.

Sai magunguna. Allurar jentamaisin da sitireftomaisin suna iya lalata sashen daidaito na kunnuwa biyu duka, kuma ɓarnar ba ta cika gyaruwa ba. Su masu wannan ba juyi suke gani ba, in suna tafiya ne komai ke tsalle a idonsu, cikin duhu kuma sai dafa bango. Kwinin ma na sa ƙarar kunne da jiri amma shi yakan sake in an daina. Wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa mai wari sannan jiri ya shigo, wannan kar ya tsaya ɗiga magani a gida, yana iya zama ciwon ya fara cin ƙashi ya doshi kunnen ciki, aikin tiyata ne. Dattin kunne da ake yawan zargi kuwa ba kasafai yake kawo hajijiya ta gaske ba, sai dai in wajen wanke shi aka ɗura ruwa mai sanyi ko mai zafi, wannan kam take yake juya mutum.

Akwai kuma wanda ba na kunne ba sam. Ka miƙe tsaye ido ya yi duhu kamar za ka suma, ka zauna ya wuce, ba abin da ke zagayawa. Wannan jini ne bai hau kai da wuri ba, ko don rashin ruwa a jiki, ko maganin hawan jini ya yi yawa, ko ƙarancin jini, ko bugun zuciya. Ana auna hawan jinin mutum a kwance sannan a tsaye, in lambar sama ta faɗi da 20 cikin minti uku an kama shi. Naki kuwa a kwance ma yake zuwa, juyi a kan gado ba ya saukar da jini.

Tsoron ƙwaƙwalwa

Jirin da ke zuwa da juyi a gado, ya tafi kafin minti ɗaya, wata biyu yana abu ɗaya bai ƙaro komai ba, ba haka shanyewar ɓarin jiki ke zuwa ba, hankalinki ya ɗan kwanta. Amma ki riƙe waɗannan, ke da duk na gida: jiri da ya zo da karkacewar baki, ko harshe ya yi nauyi, ko gani bibbiyu, ko hannu ko ƙafa ya mutu ko ya yi dindiris, ko haɗiya ta gagara, ko wani sabon ciwon kai ko na ƙeya mai tsanani, ko mutum ya kasa tsayuwa ko zama shi kaɗai, wannan asibiti ne a take ko tsakar dare ne, ba a jiran safiya. Toshewar jini a bayan ƙwaƙwalwa tana iya zuwa da jiri da amai kawai ta yi kama da kumburin jijiyar kunne sak, don haka dattijo ko mai hawan jini ko suga ko mai shan taba in jiri marar yankewa ya kama shi a kai shi a gani, kuma hoton siti sikan na farko yakan fito lafiya alhali abin na nan, MRI ya fi gani. Haka in kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, da jiri ko babu, gaggawa ce, don maganin ya fi aiki in an fara cikin sati biyun farko. In kuma kunne ɗaya ne ke raguwa a hankali yana ƙara, shi ma a yi gwajin ji, wani lokacin ƙari ne a kan jijiyar, amma ba na ciwon daji ba.

Duk abin nan da na faɗa daga rubutunki na ɗauko shi, ban kwantar da ke na kalli idonki ba, kuma wannan lalura ce da ido ke yanke mata hukunci. Yana yiwuwa a gwada a tarar kunnuwa biyu ne, ko wani bututun ne daban, ko abu biyu ne suka haɗu. Kuma ko an gyara yakan dawo wa mutane da dama bayan watanni ko shekaru, ba don an yi kuskure ba, sai a sake juyin. Wani bincike da aka yi a Koriya ta Kudu aka wallafa a 2020 ya nuna masu ƙarancin bitamin D in aka ba su shi da kalsiyam dawowar na raguwa, don haka in ya cika dawowa a auna miki.

Kafin ki samu ganin likita, in za ki tashi ki fara zama bakin gado na ɗan lokaci, ki kunna wuta in za ki banɗaki da dare, kar ki hau kujera ko tsani ɗauko kaya, tuƙi ma ki ɗan dakata in waiwaye na tayar miki da shi. Amma kar ki ɗaure wuyanki ki daina motsi, ki yi harkokinki. Ranar da za ki je ki tafi da wani, kar ki cika ciki, ki kwashi duk magungunan da kike sha a leda. In kin shiga ki faɗa masa yadda kika faɗa min, ɓangaren dama, ƙasa da minti ɗaya, kunne na ji lafiya, sannan ki ce kina so a yi miki gwajin kwantarwa na Dix da Hallpike. In wanda kika samu bai saba yi ba ki roƙi ya tura ki wajen likitan kunne ko fisiyo. Allah Ya ba da lafiya Hajiya.